Hannuna ya zama na kowa, kuɗin adashina kuma kowa da shawararsa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, ina da yara uku. Shekara bakwai ke nan ina saƙar kwarashi: jakunkuna, hulunan sanyi, takalman jarirai, ina kuma jera duwatsun ado. Da wannan nake rufa wa kaina asiri, da shi nake zubin adashi. Kowace Sallah, ƙarama da babba, dangin maigidana a gidana suke yini washegari, wai ni ce mai hannu. Ni ke gyara falo, ni ke cincin da dubulan, ni ke yi wa yara lalle ranar jajibere, kuma kowace yarinya sai ta tafi da 'yar jakarta. Ba wanda ya taɓa tambayata nawa na kashe.

Shekara biyu ina zubi da buri ɗaya, in je Zanzibar, tun ranar da wata mai sayen kayana ta dawo daga can ta nuna min hotuna. Ban taɓa ganin teku ba. Maigidana ya amince, ya ce zai biya kuɗin jirginsa mu tafi tare. Kwasata ta faɗo daf da Babbar Sallah. Da zancen ya fita, sai yayar maigidana ta aiko min da aikin jaka 40 na rabo a bikin 'yarta, ta ce ai na gida ne, ko kuɗin zare ba ta haɗo ba. Hajiya, surukata, ta ce in kuɗi ne suka yi min yawa in tafi Umara. Wata facalata kuma ta ce in ruwa nake son kallo ga Tiga nan kusa. Yanzu duk jikina ya yi sanyi. In fasa tafiyar in sayi zare in yi musu aikin, ko yaya zan yi?

Daga ƙanwarki a Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki fasa. Amma kada ki tafi cikin hidimar Sallah, zan faɗa miki dalili a gaba. Mu fara da jakunkunan nan, don su ne ƙashin bayan maganar, Zanzibar tsautsayi ne kawai ya sa ta shigo ciki.

Na ɗauki biro na yi miki lissafin da na tabbata ba ki taɓa yi wa kanki ba. 'Yar madaidaiciyar jaka ta saƙa, da shafinta da zif da hannunta, a ce awa shida take cin miki, in hannunki na da sauri. Jaka 40 awa 240 ke nan. Mace mai yara uku da girki da wanki, in ta samu awa huɗu a rana ta zauna da kwarashi, ta yi sa'a. Kwana 60 ke nan, wata biyu cur. A cikin wata biyun nan duk mai jego da ta zo neman takalmin jariri za ki ce mata ta yi haƙuri, ita kuwa ba za ta jira ba, gidan wata za ta nufa, kuma wataƙila ba za ta dawo ba. Ban ma sa kuɗin zare da shafi da zif ba, ban sa wuyan hannunki da zai riƙa zugi da dare ba, ban sa idonki ba. Abin da aka kira "na gida" ke nan.

To amma kafin ki hau Yaya da fushi a zuciyarki, tsaya. Ita ba ta yi wannan lissafin ba domin ba ki taɓa nuna mata akwai abin lissafawa ba. Shekara bakwai tana ganin jaka na fitowa daga ɗakinki kamar tsiro bayan ruwan fari, kina miƙawa da murmushi, in an ce sannu ki ce ai ba komai. Wanda aka ce wa ba komai sau goma sha huɗu, Sallah bayan Sallah, dole ya yarda ba komai ɗin ne. Kuma ki yi min afuwa in faɗa miki wadda ba za ki so ji ba: sunan nan na "mai hannu" ya yi miki daɗi. Da daɗinsa kuwa, a cikin dangin miji a samu abin da ake nuna ki da shi. Kin biya kuɗin sunan da zarenki da barcinki, yanzu farashinsa ya kai inda aljihunki ba zai ɗauka ba.

Ba daga sama na san wannan ba. Lokacin da nake ɗinki, wata ƙaramar Sallah na karɓi kayan yaran dangi har goma sha ɗaya, duk kyauta. Daren Sallah ina kan keke har aka kira assalatu. Kowa ya zo ya karɓi nasa, atamfar 'yata kuwa tana nan a ninke ko yankawa ban yi ba. Da rigar bara ta je idi, hannun ya ɗage mata har gwiwar hannu, tana ta jan shi ƙasa. Da yamma ina ƙunƙuni a kicin, ina jiran a tausaya min, sai goggona ta dube ni ta ce, "Wa ya aike ki?" Na ji haushinta kwana biyu. Har yau ban samu amsar da zan ba ta ba.

Ga yadda nake ganin za ki yi da Yaya. Ki fara sanar da maigidanki abin da kika yanke, don kada ya ji a bakin wani, amma kada ki tura shi. Namiji in ya shiga tsakanin matarsa da yayarsa a kan zancen jaka, zancen ya daina zama na jaka, ya koma an mallake mana ɗan'uwa. Ke za ki je da ƙafarki, gidanta, ba ta waya ba, kuma ko kusa kada ki rubuta a zauren WhatsApp na dangi inda kowa zai tsoma baki. Ki tafi da jaka ɗaya da kika gama, mai kyau, ki ajiye mata a cinya. Bayan gaisuwa ki ce, "Yaya, bikin 'yarmu ne, dole in sa hannu. Na zauna na auna, guda 40 wata biyu za su ci min, ga ayyukan mutane da na riga na karɓi kuɗinsu. Gudummawata ita ce guda goma irin wannan, zare da aiki duka nawa, a ba ƙawayen amarya na jiki. In ana son sauran, ga abin da kayan aikin kowace ɗaya ke ci, ga ladan hannu na rage miki, sai in nemi masu taya ni."

Ki lura da kalmar da na sa miki a baki: gudummawa. A al'adarmu gudummawar biki abu ce mai suna. Ana faɗarta, ana nunata, wani gidan har rubutawa ake yi, kuma ranar da naki ya tashi ana tunawa a rama. Aikin da aka karɓa a matsayin "na gida" kuwa ba shi da suna, ba ya shiga littafin kowa. Jaka goma da aka ce gudummawar matar wane ce sun fi miki jaka arba'in da aka ɗauka kamar daga rumbun gida suka fito. In Yaya ta ce goma sun yi kaɗan kuma kuɗin sauran ya yi yawa, ki kawo mata wata mafita, ƙaramin abu da ba ya wuce rabin awa, kamar 'yar pos ta zuba canji ko abin rataya makulli. In ta ɓata rai, ki bar ta ta ɓata. Ki ci gaba da gaishe ta kamar kullum, ranar kamu ki riga kowa zuwa, ki ɗaura zani ki shiga aiki. Fushin da ba a tanka masa ba ya daɗewa.

Yinin Sallah kuma ban ce ki rushe shi ba. Gidan da dangi ke taruwa gida ne mai albarka, yaranki kuma za su girma da tunanin nan. Nauyin ne za a raba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sati uku kafin Sallah, ba ranar jajibere ba, ki gaya wa matan gidan cewa bana karo-karo za a yi: wannan ta zo da waina, waccan da miyar taushe, wata zoɓo da kunun aya, ke ki riƙe cincin ɗinki da wurin zama. Babbar Sallah ma ta fi sauƙi, kowane gida da soyayyen namansa. Lalle ki koya wa 'yan matan da suka tasa, biyu sun isa, su riƙa yi wa ƙannensu. Jakar da kike raba wa yara kuwa ki daina. Ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki zuba duwatsu masu araha a faranti uku ko huɗu, ki yanka musu zare, kowace yarinya ta jera abin hannunta da kanta. Za su yi shiru na awa guda, abin da ba a saba gani ba ranar Sallah, kuma wadda ta jera nata da hannunta ba za ta yar da shi a mota ba. Sai dai ki kawar da masu rarrafe daga wurin, dutse da bakin jariri ba sa haɗuwa. Shekarar farko za ki ji ana cewa kin canza. Ta biyu wata za ta ce a yi a gidanta.

Maganar Hajiya daban ce, kada ki haɗa ta da ta sauran. Ita ba zarenki take so ba, lahirarki take duba miki, irin na iyaye. Ku je ke da maigidanki ku durƙusa. Ki ce mata kin ji, kuma Umara na cikin niyyarki, adashi na gaba da sunanta za ki zuba, in har da gaske kike, kada ki faɗa don ki kuɓuta. A mazhabar Malikiyya da muke bi Umara sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, Hajji ne farilla ga mai iko. Da kuɗin nan sun kai na kujerar Hajji kuma ba ki taɓa sauke farali ba, da amsata ta canza. Tafiya ta halal, da kuɗin halal, tare da mijinki, ba abin kunya ba ce, Alƙur'ani ma a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ce mata saro kaya za ki je. Na san dabarar, mata da yawa suna yi, domin mace in ta ce kasuwanci za ta kowa sai ya yi mata addu'a, in ta ce hutawa za ta sai a kalle ta. In kika yi wannan ƙaryar, kin sake tabbatar musu cewa ba ki da haƙƙin komai sai in aiki ne, ga shi kuma za a jira a ga kayan da kika saro.

Abin da zai kwantar wa Hajiya hankali shi ne ta san inda za ki. A ranta wataƙila wani wurin Turawa ne da ake yawo tsirara. Ki gaya mata Zanzibar tsibiran Musulmi ne, kusan duk mutanen wurin Musulmi ne, kiran salla ke tashin mutum da asuba, matan garin da baƙar abaya da suke kira buibui suke fita. Tsibirai biyu ne manya, Unguja da Pemba, a Tekun Indiya, sun haɗe da Tanganyika a 1964 aka samu ƙasar Tanzaniya. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, can ya mayar da fadarsa wajajen 1840, kuma a zamaninsa noman kanumfari ya bunƙasa a tsibiran. Ki ce mata garin kanumfari za ki, wanda take jefawa a kunu. Gaskiya ne a bakin ruwa, wajen manyan otal-otal, akwai baƙi da shigarsu da shaye-shayensu, amma ba dole sai nan za ku sauka ba. Ƙananan masaukai na 'yan gari sun fi araha, sun kuma fi dacewa da ke.

Sharaɗina ɗaya kafin ki taɓa kuɗin: in akwai bashi a kanki ki biya, kuma ki tabbata kuɗin makarantar yara na zangon Satumba yana gefe, naku ke da maigidan. In tafiyar za ta ci wannan, ki ɗaga ta zuwa wata kwasar. Teku na nan.

Facalarki mai zancen Tiga kada ki tanka mata, ban dariya ta yi, kuma ta iya. Sai dai madatsar ruwa ba ta numfashi, teku kuwa yana yi. Na kwana a wani ƙauye da ake kira Jambiani, a gabashin Unguja. Da magariba ruwa na dukan katangar masaukinmu. Da na fito da hantsi sai na tarar babu shi, ya janye can nesa har sai na ƙanƙance ido nake hango farin kumfarsa. Inda jiya ruwa yake ya zama fili, farin yashi jiƙaƙƙe, kwale-kwale sun kwanta a gefe ɗaya kamar shanu a inuwa. Mata sun shiga filin da zannuwansu, ruwa iya ƙauri, suna ɗaura ciyawar teku a igiyoyin da suka kafa da turaku, nomansu ke nan, su shanya su sayar. Bayan awa shida ruwan ya dawo ya rufe gonar kamar ba a taɓa yi ba. Sau biyu a yini da dare yake wannan zuwa da komawa. In kina son wurin da ruwan ba ya gudu sosai, arewacin tsibirin ne, Nungwi da Kendwa, amma can ya fi cunkoso da tsada.

Yanzu dalilin da na ce kada ki tafi da Sallah. Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi kamar 'yan wasu ƙasashe. Muna cikin jerin waɗanda sai an nema ta intanet tun daga gida, an tura takardun an duba an amince, kuma hukumar shige da ficen ƙasar da kanta tana ba da shawarar a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya. Kada ku sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Ku nema a shafin hukumar kai tsaye, ku yi hattara da 'yan "kawo in yi miki". Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, dole ne ga wanda ya taso daga Najeriya, kuma allurar sai ta kwana goma kafin a karɓi katin. Tun watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya, dala 44 kowane babba, ku sa a lissafi, haka ma harajin kwana da masaukai ke karɓa. Ledar cefane an hana ta a ƙasar, kada ki cika akwati da ita irin yadda muka saba. A nan jakar saƙarki za ta yi rana.

Na biyu, damina. Babban ruwansu, da suke kira masika, daga Maris ne zuwa Mayu, akwai kuma ƙarami wajen Nuwamba. A 2025 Babbar Sallah a farkon Yuni ta faɗo, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya, wato cikin ruwan take ƙara shiga. Daga Yuni zuwa Oktoba ne garin ke bushewa, iska ta yi sanyi-sanyi. Dogon hutun makaranta na Agusta ya faɗo a ciki, yara sai su tafi gidan kaka. Lokacin baƙi ne, masauki kan yi tsada, sai a kama da wuri. Na uku kuwa, in kika tsallake yinin Sallah a shekarar da kika rage jakunkuna, za a haɗa biyun a ce yaji kika yi wa dangi. Ki yi Sallarki a gida, ki yi biki, ƙura ta lafa, sannan ki ɗauki akwati.

Daga Kano jirgin Ethiopian Airlines na zuwa Addis Ababa, daga can a canza zuwa Zanzibar, filin jirgin Abeid Amani Karume. In ta Darussalam kuka bi, jirgin ruwa mai sauri kamar awa biyu yake yi, mai jin jiri ya sha magani kafin ya hau. Kwana biyar ko shida sun ishe ku, biyu a tsohon gari, sauran a bakin ruwa. Ku tafi da maganin sauro. Almakashinki ki sa a babban akwati, in yana jakar hannu a filin jirgi za ki bar shi.

Tsohon garin, Mji Mkongwe a bakinsu, wanda UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, shi ne wurin mai sana'ar hannu irinki. Lunguna ne matsattsu kamar na cikin birni wajen Kurmi, mota ba ta shiga, ɓata kuwa sai kun yi. Ki tsaya ki dubi ƙofofin gidajen, katako ne mai kauri da aka sassaƙa wa furanni da sarƙa da ayoyi, wasu da ƙusoshin tagulla masu tsini. Ki dubi hular mazan, kofia, mai ƙananan ramuka da aka zagaye da zare ɗaya bayan ɗaya da allura, za ki tuna masu ɗinkin hula a zaurukan unguwarku. Ku je inda kasuwar bayi take a da, an rufe ta a 1873 aka gina coci a wurin, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi suna nan, mutum ba ya fitowa yana surutu. Da dare ku je Forodhani a bakin ruwa, ku sha ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami, ku tambayi kuɗin kifi kafin a gasa, ba bayan an gasa ba. In masu lalle sun tare ki, ja za ki karɓa, baƙin nan mai kama fata nan take yakan ƙona wasu, kamar dai yadda dayis ke yi a nan.

Harshen ba zai ba ki wuya sosai ba, Larabci ya shiga Swahili kamar yadda ya shiga Hausa: dunia, sababu, faida, hatari, sabuni, habari. Agogonsu ne zai ruɗe ki. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, awa ta ɗaya. Wani mai kwale-kwale ya ɗaga min yatsu uku ya ce saa tatu. Na yi barcina, na ci abincin rana, na isa bakin ruwa ƙarfe uku na yamma da shirina tsaf. Tun tara na safe suka tafi. Duk wanda ya ba ki lokaci, ki nuna masa fuskar wayarki ku daidaita.

Akwai wata mata da nake so ki nemi irinta. A bakin wata ƙofa na gan ta zaune, tana kitsa ukili, wato kitson wani siririn ganye kamar kabarmu da suke rinawa ja da kore da shuɗi, su kitsa shi dogon zube sannan su ɗinke ya zama tabarma ko jaka ko murfin abinci irin faifanmu. Yatsunta na tafiya, idonta na kan titi. Na ɗauki jaka ɗaya na tambayi kuɗi, ta faɗa. Na yi irin namu na Kwari, na raba biyu. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi dariyar kunya ba, ba ta kuma ce kawo abin da ya sauwaƙa ba. Ta ɗago zuben da ke cinyarta ta auna min shi da hannu, kamu bayan kamu, ta nuna jakar, ta ɗaga yatsu huɗu, kwana huɗu. Ta rage ɗan abin da ta ga dama, ta koma kan kitsonta. Na biya. Ki zauna kusa da irinta ko na rabin awa, ki fito da kwarashinki, ki nuna mata naki ta nuna miki nata. Ki kalli yadda take haɗa launi, ki kuma kalli fuskarta lokacin da take faɗin kuɗi.

Saura tarko na ƙarshe, kuma na san ki yanzu, za ki faɗa in ban ja kunnenki ba: tsaraba. Mai raba jaka kyauta duk Sallah, in ta shiga kasuwar Darajani da kuɗi a hannu, sai ta tuna kowa har jikar maƙwabta, ta dawo ba ta ci kifi ko sau ɗaya ba. Ki ware kuɗin tsaraba a ambulan tun daga gida, in sun ƙare sun ƙare. Kayan ƙamshi su ne rufin asirinki, ba nauyi, ba tsada: kanumfari, kirfa, masoro, ki ƙulla ƙanana ki raba. Kada ki kwaso ƙwaryar dodon koɗi da duwatsun cikin teku don yin ado, ana iya ƙwace su a filin jirgi. Hajiya ki samo mata kanumfari mai kyau da man kwakwa.

Yaya kuma ki sayo mata kanga, zanen matan can, mai faɗin baki da ake sayarwa biyu a haɗe, ɗaya a ɗaura ɗaya a yafa. Sai dai kowace kanga da rubutu a gindinta, ɗan zance cikin Swahili. Wasu addu'a ce, wasu kalaman ƙauna, da yawa kuma habaici ne tsagwaronsa, irin wanda mace ke ɗaurawa ta wuce ta gaban kishiya ko maƙwabciya mai sa ido ba tare da ta buɗe baki ba. Kada ki zaɓa don launi ya burge ki. Ki sa mai shagon ya fassara miki, ki fita ki sami wani daban ya sake karanta miki, domin yaran yanzu da waya a hannu, kafin Yaya ta gama warware zanen wani ya karanto mata abin da aka rubuta. Ki zaɓar mata mai addu'a.